Yadda Na Kai Guzurin Ruwa Tsibiri

Al'adata ce duk ƙarshen watan Disamba, idan hazo ya lulluɓe duwatsun Birni, in rufe ƙofar shagona da ke unguwar Zango a Damagaram bayan la'asar, in ɗauko littafin lissafi in duba abin da shekara ta bar mini. Bana ma na yi hakan, kuma lissafin bai ci mini lokaci ba, domin tun da salula ta shiga aljihun kowa sana'ar ɗaukar hoto ta koma dogaro da abu biyu: hoton katin ɗan ƙasa, wanda hukuma ba ta yarda mutum ya ɗauki kansa da kansa ba, da kuma hoton biki, saboda har yanzu iyayen amarya suna jin kunyar a ce sun aurar da ɗiya ba su kira mai kyamara ba. Shafin da ya tsayar da ni shi ne na watan Janairu, inda na ga na rubuta da hannuna cewa an biya ni wani aiki da kifi banda buhu ɗaya da rabi, a ƙasansa kuma na rubuta asarar bido guda, wato jarkar ruwa, mai lita 25.

Wanda ba Badamagare ba ba zai gane nauyin wannan asara ba sai an yi masa bayani. Garinmu a kan dutse yake zaune, ƙasarsa ba ta riƙe ruwa, shi ya sa abin da muke sha daga nesa ake turo shi, daga Gogo da Machaya da Arungoza da Ganaram, kuma idan ya ga damar zuwa famfo, sau da yawa tsakar dare yake zaɓa, kamar baƙon da ba ya son maƙwabta su gan shi. Har a tarihi ana lissafa ƙarancin ruwa cikin dalilan da suka sa Faransawa suka ɗauke babban birni daga Zinder, wato Damagaram, suka mai da shi Yamai a 1926. Ni dai tun ina yaro na iya alwala da rabin buta har in rage na wanke ƙafar ƙanena, kuma ban taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwata ba, shi ma a tafkin damina ne, aka kuma zane ni a kansa.

Wani Alhaji mai sayar da busasshen kifi a kasuwar Dole, wanda ni na ɗauki hoton aurensa na biyu tun zamanin da ake ƙirga hoto 36 a fim ɗaya, shi ya zo mini da aikin. Ya daɗe yana aika babban ɗansa sayen kifi a bakin kogin Kwara, can wajen Gaya, sai yaron ya sayo kifin ya kuma baro zuciyarsa wurin ɗiyar ɗaya daga cikin Sarkawan wani gungu, wato ƙaramin tsibiri a tsakiyar kogi. Za a ɗaura aure a can, kuma Alhaji ba ya son surukai su ce mutanen Damagaram sun zo hannu rabbana. Bayan mun daidaita kan kuɗi sai ya dube ni ya ce, "Malam mai hoto, ka dai iya ruwa ko?" Na ce, "Alhaji, na iya sayensa." Ya yi dariya, ni ma na yi, ban san cewa tambayar gaskiya ce yake yi mini ba.

Daren da za mu tashi uwargida ta kwana tana jiran famfo, ta cika mini bido fal, ta toshe bakinsa da leda. Na ce mata ai kogi za mu. Ta ce, "Malam, an ce maka akwai kogi, amma an ce maka ana ba baƙo?" Ban sami amsar da zan ba ta ba, saboda haka na ɗauka, har na biya masa kuɗin kaya a tasha. Muka bi babbar hanya ta Tasawa da Maraɗi da Birnin Ƙonni da Dogon Dutsi, a Doso muka karkata kudu, kusan kilomita 900 ke nan kafin mu isa Gaya, kuma a duk tsawon tafiyar ban buɗe bidon ba, ruwan leda nake saye, domin shi na ajiye shi ne don ranar wahala.

Da muka sauka bakin kogi sai na tsaya kamar an dasa ni. Watan Janairu ne, lokacin da a gida tafkuna sun fara tsagewa, amma ga ruwa shimfiɗe yana tafiya abinsa, ba mai gadi, ba layi, ba ɗan garuwa ko ɗaya. Na tambayi mai jirgin da zai ƙetare da mu yaushe aka yi ruwan sama a nan. Ya ce rabonsu da shi wata uku, wannan da nake gani ruwan da aka yi ne a tsaunukan Gini tun damina, ya tsaya ya bazu a fadamun Mali ya huta, sai yanzu da sanyi yake isowa, shi ya sa kogin ke cika sau biyu, jan ruwa na damina da kuma wannan na rani. Na yi shiru ina tunanin ruwan da zai yi tafiyar watanni ya ratsa ƙasashe ba tare da wani ya tare shi ya sa masa farashi ba, na ga lallai akwai sakaci a cikin al'amarin mutanen yamma.

Jirgin dogon kwalekwale ne mai inji a baya, kuma bayan an loda mu da goro da akwatuna da buhun alkakin da muka kawo tsaraba, abin da ya rage tsakanin ruwa da bakin jirgi bai fi taƙi ɗaya ba. Akwai wani yaro a tsakiya da ba shi da aiki sai kwasar ruwan da ke tsattsafowa ta ƙasa da ɓarin ƙwarya yana watsarwa waje. Tsoro ya so ya kama ni, amma lissafi ya riga shi, domin kafin mu yi nisa na ƙiyasta yaron ya zubar da abin da a unguwarmu zai kai jikka guda a watan Afrilu. Ana cikin haka mai jirgi ya hangi bidon da na matse tsakanin ƙafafuna, ya ce, "Baba, in fetur ne matso da shi baya kusa da inji." Na ce ba fetur ba ne. Ya ce, "Man gyaɗa ne na amarya?" Na ce ruwa ne. Ya ce na wane malami. Na ce na famfo.

Ban taɓa jin shiru irin na wannan lokacin ba, har injin ma kamar ya rage murya. Daga nan wata tsohuwa da ke gaba ta fassara wa na kusa da ita da Dandanci, magana ta bi jirgi daga kai zuwa gindi, dariya ta biyo ta a baya, jirgi ya fara tangaɗi har mai shi ya roƙi jama'a su dinga yi da sauƙi. Kafin mu taka ƙasa an riga an raɗa mini suna Mai Guzuri, kuma yaran da suka tarye mu a gaɓa da shi suka gaishe ni, abin da har yau ban gane ta hanyar da labarin ya riga mu isa ba.

Gungun ba shi da girma, mutum zai zagaye shi tsakanin azahar da la'asar. Gidajen a kan tudu suke a cunkushe, ƙasa-ƙasa kuma gonakin shinkafa ne da wata ciyawar ruwa da suke kira burgu, wadda shanu ke shiga har wuya suna ci. Ko'ina ka juya taru ne da koma a shanye, ga tandunan banda suna hayaƙi dare da rana, giwan ruwa da tarwaɗa da karfasa a jere. Da na ciro salula don in shaida wa uwargida mun sauka lafiya, sai na tarar da saƙo da Faransanci ana yi mini barka da zuwa Benin, kuma kiran minti biyu ya lashe kuɗin da na sa na mako guda. Na kai kuka wurin maigari, ya ce in kwantar da hankalina a Nijar nake, tun ranar 12 ga Yuli 2005 kotun duniya da ke Hague ta raba gardamar tsibiran kogin tsakanin ƙasashen biyu, ta ba Nijar babban tsibirin Lete, sai dai hukuncin bai kai ga kunnen salula ba tukuna. Ya nuna mini wata tsamiya a arewacin gari, ya ce duk mai son kiran gida a farashin gida can yake zuwa ya ɗaga hannu sama.

A gindin wannan tsamiya na haɗu da wani dattijon Bafillace mai kiwo, wanda da ya ji daga Damagaram nake sai ya tambayi asalina. Na yi kuskuren gaya masa cewa kakata Babarbariya ce. Nan take ya ce ashe bawansa ne ya zo, ya kuma umarce ni in ba shi zakkar ruwan da na kawo. Wasan Fulani da Barebari ba baƙo ba ne a wurina, kuma a gida ba a cin ni da baki, amma mutumin da ya ɗauko bido ya kawo tsibiri ba shi da sauran makamin ramuwa.

Aikin kansa ya fara ba ni kunya tun da asuba. Shekara da shekaru abokin gabata guda ne, ƙura, kuma na san makamarta: kyamara a cikin tsumma, tsumma a cikin jaka, jaka a cikin akwati. To a can da na fito da ita daga akwati da sanyin safiya, gilashin ya kwana ya yi sanyi, ya haɗu da laimar da ke tashi daga kogi, sai ya yi gumi ya rufe ruf. Ina gogewa yana dawowa. Hotunan farko na dattawa suna fitowa daga masallaci duk sun fito kamar an ɗauke su a mafarki, ba ka bambanta liman da ladan. Sai da rana ta ɗaga gilashin ya ji ɗumi sannan ido ya buɗe. Da wannan ya wuce sai wani ya zo. An ɗaura aure a fili kusa da gaɓa, jama'a cikin fararen riguna, kogi a bayansu yana walƙiya kamar madubi. Ita kyamara idan ta ga haske ya yi yawa sai ta tsuke idonta, ba ruwanta da cewa fuskokin mutane ake nema, saboda haka na sami kyawawan hotunan manyan riguna da huluna, babu kowa a ciki. Dole na ƙwace ma'aunin hasken daga hannunta na saita da kaina, na kuma kunna filasha da tsakar rana, abin da ya sa wani yaro ya tambayi uwarsa ko mutanen gabas ba sa ganin rana ne.

Bayan an shafa fatiha Alhaji ya ce a haɗu a ɗauki hoton dangi gaba ɗaya. Da yake na riga na koyi darasi, sai na juya tsarin, na sa su suka fuskanci kogi, ni kuma na ba shi baya. Duk wanda ya san aikinmu ya san cewa hoton dangi ba ya ƙarewa, ka jera mutum ashirin, kafin ka ɗaga kai sun zama hamsin, kowa ya tuno da gwaggonsa. Ya kuma san cewa mutanenmu da zarar sun ga kyamara sai su ɗaure fuska kamar masu jiran hukuncin alƙali, na yi shekaru ina roƙon murmushi ban samu ba. Mai hoto kuwa idan jama'a suka fi ƙarfin idon kyamara abu ɗaya yake yi, ya ja da baya. A Zango idan na ja da baya, iyaka in taka akuya ko in bangaji mai kabu-kabu. Na ja taki ɗaya, na ce na gefe su matso. Na ƙara ja, na ce yara su durƙusa. Na ga bakunan mutane suna motsi, hannaye suna ɗagowa, na ɗauka gyaran tsayuwa suke yi, har na daka musu tsawa na ce kowa ya tsaya cik. Na ƙara taki ɗaya, sai na ji ƙasa ta ƙare.

Abin da na iya tunawa shi ne na ɗaga kyamara sama da hannu biyu kamar mai miƙa jariri, na kama kalmar shahada da ƙarfi, na yafe wa duk wanda nake bi bashi, har da waɗanda suka karɓi hoton suna tun bara ba su biya ba. Sanyin ruwan ya ratsa ni, babbar rigata ta kumbura ta taso ta kewaye ni kamar kainuwa, ni kuma na runtse ido ina jiran mala'iku. Da na ji shiru ba su iso ba sai na buɗe ido ɗaya, na ga wata yarinya da ba ta wuce shekara bakwai ba tsaye kusa da ni da kwanon wanke-wanke a hannu, ruwan iyakarsa ƙugunta. Ta ce, "Baba, miƙe mana, ai zaune kake."

Na miƙe. Takalmina ɗaya ya zauna a taɓo, hulata kuma ta kama hanyar Najeriya, mai yiwuwa yanzu tana Yawuri. Kyamara dai ko ɗigo bai taɓa ta ba, kuma da na duba ta da dare sai na ga ashe lokacin da nake tafiya ƙasa yatsana ya danne maɓalli, ta ɗauki hoto bakwai a jere. Huɗu sararin sama ne, biyu reshen bishiya da gefen hulata. Na farkon kuwa ya ɗan karkace, amma ga dangin ango da na amarya su sama da hamsin, kowa baki buɗe, liman ya riƙe ciki, Alhaji ya jefa kai baya har ana ganin haƙorin Makkansa, dattijon Bafillacen nan ya jingina da sandarsa yana share hawaye. Tun da na fara sana'a ban taɓa ɗaukar hoto mai rai irinsa ba, kuma ba zan iya cewa ni na ɗauke shi ba, tun da a lokacin ina can ina sallama da duniya.

Washegari 'yan ɗaurin aure suka shirya komawa, sai maigari ya roƙi Alhaji ya bar masa ni kwana biyu, domin mutanensa da yawa suna bukatar hoton kati, kuma zuwa Gaya saboda shi kaɗai asarar wunin su ce. Kwana biyun suka zama shida, saboda babban jirgi sai ranar kasuwa yake biyowa. Ban yi nadama ba. Farin bangon da hukuma ke so a bayan mutum babu shi a gungun, don haka muka ari zanen gadon amarya, yara biyu suka riƙe, iska na kaɗa shi. Batir kuwa sai na bi layi a gidan da ke da faifan sola guda ɗaya tilo, tsakanin salula goma sha da rediyon liman, kuma a nan na gane cewa su ma suna da nasu famfon da ake kwana jira. Kuɗi ba su cika yawo a hannunsu ba sai an kai kifi kasuwa, shi ya sa kowa ya biya da abin da yake da shi, hoto huɗu tarwaɗa biyu, mai son a gyara masa fuska ya ƙara karfasa.

Dare ne kawai ban saba da shi ba. A daren farko, ina ɗaki ɗaya da Alhaji, na ji wani gurnani mai girgiza ƙasa, na tashi a firgice na tayar da masu gida na ce dorina ta shigo gari, aka haska fitila aka tarar minsharin Alhaji ne. Saboda haka a dare na uku da na fita bayan gida na sake jin gurnanin daga wajen gonakin shinkafa, ban ko razana ba, har na ce, "Alhaji, a dai juya kwanciya." Sai da na dawo na kwanta na ja bargo sannan na tuna cewa Alhaji ya tafi tun da hantsi. Da safe aka nuna mini sawunta, kowane ɗaya kamar faifai, da kunyar shinkafar da ta share, aka ce haka take yi, da rana tana ruwa, da dare ta fito kiwo. Daga ranar ban ƙara shan komai bayan magariba ba.

Bidon kuwa ban taɓa buɗe shi ba. Ranar tafiya na tsaya ina shawarar ko in koma da shi, sai uban amarya ya zo ya ce, "Mai Guzuri, ka bar mana shi mana, muna neman abin ɗaura wa taru don kada ya nutse." Na ce to ruwan fa. Ya ce ai sai a mai da shi cikin 'yan'uwansa. A gabana ya kwance ledar da uwargida ta ɗaure da hannunta, ya tuttular da ruwan Damagaram lita 25 a cikin kogi, kuma kogin ko gezau bai yi ba. Na kau da kai don kada a ga idona.

Na iso gida da buhun kifi ɗaya da rabi, wanda ya sa duk fasinjojin motar suka san ni, jakar kyamara kuma ta yi wata uku kuliyoyin unguwa suna yi mata zarya. Uwargida ta karɓi kifin ba ta ce komai ba, sai da na gama ba ta labarin faɗawata da na dorina sannan ta ce, "Duk na ji, Malam. Ka je inda ruwa yake kyauta, ka dawo ba ruwan ba bidon." Hotunan kati na wanke na aika ta motar kifin Alhaji. Shi kuwa na dangi, Alhaji ya sa na faɗaɗa shi na sa masa gilashi, yana rataye a rumfarsa, kuma duk wanda ya tambayi abin da ake yi wa dariya sai ya turo shi shagona ya ji daga bakina. Tun daga nan sau uku ana kira na biki a ce ana son hoto irin na gungu, ni kuma in rasa yadda zan yi, domin a duk faɗin Zango babu abin da mutum zai faɗa ciki sai kwata.

Ina cikin rufe littafin shekaranjiya Alhaji ya yi sallama. Ya ce ƙanen ango ya raka amarya ganin gida, ya ga ƙanwarta, an sa rana ƙarshen Janairu, kuma maigari ya aiko takanas a ce wa Mai Guzuri kada ya manta da bido, tarun ya ƙaru. Na ce zan yi shawara. Ya ajiye rabin kuɗin aiki a kan tebur ya fita. Jiya da safe na je wurin mai faci da ke bakin tasha na sayi tsohon tif na babbar mota, na sa ya hura shi ya duba ko yana yoyo, kuma da ya tambaye ni wace mota ce gare ni, sai na ce masa ya dai gwada mini ko zai shiga ta saman babbar riga.